TARIHIN LIKITA HANS BERGER, WANDA YA FARA AUNA LANTARKIN ƘWAƘWALWAR ƊAN ADAM

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon farfaɗiya daga Ɗambatta ko ƙauyukan da ke kewaye da ita zuwa babban asibiti a Kano, mai yiwuwa ne ya ga an shigar da majiyyacin wani ɗaki marar hayaniya, an lilliƙa masa 'yan ƙananan faya-fayan ƙarfe a fatar kai, kowanne da wayarsa, an ce ya rufe ido ya buɗe, wani inji kuwa yana ta zana layuka masu hawa da sauka. Likitoci suna kiran wannan awo EEG, watau zanen lantarkin da ƙwaƙwalwa ta ke fitarwa. Mutumin da ya fara yin wannan awo a jikin ɗan Adam wani likita ne Bajamushe, sunansa Hans Berger, ya mutu tun cikin shekarar 1941. Mun ga ya kamata mu ba masu karatunmu tarihinsa, musamman malaman makaranta da akawuna, domin mutum ne da ya yi aikin awo da rubutu cikin tsanaki irin wanda kowane ma'aikaci zai so ya yi koyi da shi, amma kuma da hannun nan nasa ya taimaka wa wata hukuma ta zalunci majiyyatan da injinsa ya zo ya amfana.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Hans Berger ran 21 ga watan Mayu na shekarar 1873, a wani ƙauye da a ke kira Neuses, kusa da garin Koburg a tsakiyar ƙasar Jamus. Ubansa likita ne, shi ne shugaban asibitin Koburg. Uwarsa kuwa 'yar wani shahararren malami ce, Friedrich Rückert, wanda ya san harsunan Gabas ƙwarai. Malamanmu na zaure za su so su ji cewa wannan kaka nasa shi ne ya juya littafin Maƙamatul Hariri daga Larabci zuwa Jamusanci. Ya mutu cikin 1866, shekara bakwai kafin a haifi jikan nasa. Ashe dai yaron ya tashi a gidan da a ke girmama littafi ta wajen uwa, a ke girmama aikin likita ta wajen uba.

Da ya gama makarantar sakandare cikin 1892, ba aikin likita ya nufa ba. Ilmin taurari ya ke so, ya shiga jami'a ya fara karatun lissafi. Bai daɗe ba ya bari, ya tafi ya yi hidimar soja wadda a ke ɗora wa samarin Jamus a wannan zamani, aka sa shi cikin sojan doki a garin Wurzburg.

A can ne wani abu ya same shi wanda ya juya rayuwarsa. Wata rana ana rawar daji, sai dokinsa ya yi tsaye da ƙafafun baya ya kayar da shi a gaban wata igwa wadda dawaki ke ja. Mai jan ragamar ya tsayar da su da kyar, saura ƙiris ƙafar keken ta bi ta kansa. Bai ji ciwo ba. A ranar nan da maraice sai ga waya daga ubansa yana tambayar lafiyarsa, alhali uban bai taɓa buga masa waya ba. Da ya bincika sai ya tarar yayarsa ce, tana can gida mai nisa, ta ji gabanta yana faɗuwa, ta matsa wa uban sai ya tambaya. Berger ya ɗauka cewa tsoron da ya kama shi ne ya fita daga kansa ya isa wurinta. Wannan zato bai rabu da shi ba har ya tsufa, gama ya rubuta labarin a littafinsa na ƙarshe cikin 1940. Daga nan ya ƙudura a ransa sai ya gano ƙarfin da ke haɗa tunani da ƙwaƙwalwa, ya auna shi da ma'auni kamar yadda a ke auna zafi ko nauyi. Saboda haka ya koma karatun likita, ya gama cikin 1897 a jami'ar garin Yena.

Shekarun nema

Cikin shekarar nan ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar Yena, a ƙarƙashin Farfesa Otto Binswanger. A wannan asibiti ya yi dukan aikinsa, shekara arba'in da ɗaya, in ban da lokacin Yaƙin Duniya na Farko da ya je ya duba sojoji a bakin dāga. Ya bi matakan aiki ɗaya bayan ɗaya: ya sami izinin koyarwa cikin 1901, ya zama farfesa cikin 1906, ya gāji kujerar Binswanger cikin 1919, har aka naɗa shi shugaban jami'ar na shekara guda cikin 1927. Ya yi aure cikin 1911, ya auri Ursula von Bülow, wadda ta ke aiki a asibitin, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce mutum ne mai kunya, marar yawan magana, mai kiyaye lokaci har ya wuce kima. Abin da ya yi jiya a sa'a kaza shi zai yi yau a sa'ar nan. Ba wanda ya ke tsammanin irinsa zai gano wani sabon abu.

Amma a ɓoye yana nan yana bin burinsa. Ya fara da auna gudun jini cikin kai, ta wurin majiyyatan da aka cire wa wani yanki na ƙoƙon kai, yana duban yadda ƙwaƙwalwa ke kumbura tana sacewa in mutum ya ji tsoro ko daɗi. Bai sami abin da ya ke nema ba. Sai ya koma auna zafinta da wani siririn ma'auni, ya buga littafi a kan haka cikin 1910. Nan ma ba a kai ga biyan bukata ba. Abin da ya rage masa shi ne lantarki.

Ba shi ne ya fara sanin akwai lantarki a jikin mai rai ba. Tun cikin 1791 wani Ba'italiye, Luigi Galvani, ya nuna haka da ƙafafun kwaɗi. Cikin 1875 wani likita a Libaful ta Ingila, Richard Caton, ya ɗora waya a kan ƙwaƙwalwar zomaye da birai, ya ga ma'auninsa yana motsi. Adolf Beck ya yi irin wannan a garin Karako cikin 1890. Duk waɗannan a kan dabbobi suka yi, bayan an buɗe musu kai. Berger ma ya gwada da karnuka tun cikin 1902, bai ga wani abin kirki ba. Abin da ba wanda ya taɓa yi shi ne a sami wannan lantarki daga mutum, balle a same shi ta bayan ƙashi da fata.

Yadda injin ya ke

Ya kamata mu tsaya mu bayyana abin da ya sa aikin ya yi wuya. Ƙwaƙwalwa cike ta ke da ƙwayoyin jijiya, dubban miliyoyi, kowace tana aika wa 'yan'uwanta saƙo ta hanyar ɗan lantarki. Kafin wannan lantarki ya ratsa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, da ƙoƙon kai, da fata, ya riga ya raunana ƙwarai. Batirin tocila ƙarfinsa bolt ɗaya da rabi ne. Abin da a ke samu a fatar kai kuwa, in ka raba ƙarfin batirin nan kashi 30,000, kashi ɗaya ne ko kusa da haka. Bugun zuciya ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, haka ma ƙifta ido, da taune haƙora, da wayar lantarkin da ke cikin bango.

A zamanin nan ba kwamfuta. Abin da Berger ya ke da shi wani ma'auni ne da a ke kira galbanomita. Irin na farko da ya yi amfani da shi wani zare ne wanda ya fi gashi siranta, an miƙe shi tsakanin manyan ƙarafan maganaɗisu biyu. In lantarki ya bi ta zaren sai ya karkata, a haska shi da fitila, inuwarsa ta faɗa kan takardar hoto wadda ke tafiya a hankali. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya ƙago irin wannan don auna bugun zuciya. Daga baya Berger ya sami wani na kamfanin Siemens wanda ya fi saurin ji, mai ɗan ƙaramin madubi da ke juyawa yana jefa haske kan takarda. Ko ta wace hanya, ba ya ganin sakamako sai an kai takardar ɗaki mai duhu an wanke ta kamar hoto.

Ran 6 ga watan Yuli na shekarar 1924 ya sami zanensa na farko. Majiyyacin wani saurayi ne mai shekara 17, wanda likitan fiɗa na jami'ar, Nikolai Guleke, ya buɗe wa ƙoƙon kai don neman ƙari. Berger ya ɗora wayoyinsa a wurin da ba ƙashi, sai ya ga zaren yana ɗan rawa. Shekarunsa 51 a lokacin, ya kuwa yi shekara ashirin da biyu yana neman wannan rawa.

Shekara biyar ta shakka

A nan ne halinsa ya fito fili. Da wani ne, da gari na wayewa zai sanar da duniya. Shi kuwa ya yi shiru har shekara biyar. Kullum in ya gama zagayen majiyyata da aikin ofis, sai ya shiga wani ɗan ɗaki a harabar asibitin, wajen ƙarfe biyar na yamma zuwa takwas, ya rufe ƙofa. Yawancin likitocin da ke ƙarƙashinsa ba su san abin da ya ke yi ba.

Abin da ya ke yi shi ne neman ƙaryata kansa. Ya ce a ransa watakila bugun zuciya ne ya ke gani, sai ya riƙa auna zuciya da kai a lokaci guda a kan takarda ɗaya, ya ga zanen biyu ba su tafiya tare. Ya yi zaton ko motsin jijiyoyin jini ne, ko naman goshi, ko ƙwayar ido, ko zufar fata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kawarwa. Ya sauya irin ƙarfen da ya ke ɗorawa: ya gwada dalma, ya gwada allurar azurfa da a ke sokawa ƙarƙashin fata, ya gwada fallen azurfa da a ke jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaure da roba, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya. Da ya so ya tabbatar da cewa lafiyayyen mutum ma yana da wannan zane, sai ya kawo ɗansa, yaro matashi, aka aske masa kai, ya auna shi sau da yawa. Ya kuma sa aka soka masa allurar shi kansa aka auna. Kowane gwaji yana da lamba da kwanan wata a littafinsa, wanda ya yi kyau da wanda ya lalace.

Sai cikin 1929 ya yarda ya buga rahotonsa na farko a wata mujallar likitoci ta Jamus. Daga nan zuwa 1938 ya buga rahoto goma sha huɗu a kan wannan al'amari.

Alfa da bita

Ga abin da ya gano. In mutum ya kwanta a natse, ya rufe ido amma bai yi barci ba, sai layin ya riƙa hawa yana sauka daidai wa daida, wajen sau 10 cikin kowane sakan. Da ya buɗe ido, ko aka taɓa masa hannu, ko aka ba shi lissafi ya yi da ka, sai manyan igiyoyin nan su ɓace, wasu ƙanana masu sauri su maye gurbinsu. Berger ya gwada wannan da 'yarsa, ya ba ta lissafin rabawa, yana kallon yadda zanen ya sauya tun daga sa'ad da ta fara har ta sami amsa, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Ya sa wa manyan suna alfa, ƙananan kuma bita, watau haruffa biyu na farko na Yunananci, waɗanda asalinsu ɗaya da alif da ba. Har yau da sunayen nan a ke kiransu.

Mai karatu zai yi mamaki, yaya zane zai ƙanƙance a lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi aiki? Malamin makaranta ya fi kowa sanin amsar. In yara suna biya karatu baki ɗaya, wanda ke bayan katanga zai ji hawa da saukar muryarsu sarai. In kuwa kowa ya duƙufa kan nasa darasi, aiki ya fi yawa, amma na bayan katanga guna-guni kaɗai zai ji. Haka ƙwayoyin jijiya su ke: a lokacin hutu su kan buga tare, a lokacin aiki kowace ƙungiya ta kama nata.

Berger bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa zanen yana sauyawa in mutum ya yi barci, ko an ba shi maganin sa barci don fiɗa, kuma na jariri dabam ne da na babba, na mai farfaɗiya ma yana da nasa alamu.

Shaida daga Kambirij

Da rahoton ya fito, masana ba su karɓe shi ba. Berger likitan masu taɓin hankali ne, bai ƙware a ilmin lantarki ba, ya kuma yi rubutunsa cikin Jamusanci mai nauyi. Masanan jijiya sun saba da saƙon da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, ba su yarda cewa dukan ƙwaƙwalwa za ta yi wani bugu mai sauƙi na sau goma a sakan ba. Da yawa suka ɗauka kuskuren inji ne.

Wanda ya raba gardama shi ne Edgar Adrian na jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya sami lambar Nobel cikin 1932 saboda bincikensa kan jijiya. Shi da abokin aikinsa Bryan Matthews suka maimaita gwajin da injuna waɗanda suka fi na Berger, masu ƙara wa lantarki ƙarfi su zana shi da tawada nan take. Sai ga abin ya fito yadda aka faɗa. Cikin watan Mayu na 1934 suka tara ƙungiyar masana aikin jiki a Kambirij, Adrian da kansa ya zauna aka ɗaura masa wayoyi a ka, yana rufe ido yana buɗewa, jama'a suna kallon igiyoyin suna zuwa suna ɓacewa. Suka buga rahoto suka sa wa bugun sunan Berger. A abu ɗaya suka saɓa masa: shi yana ganin daga ko'ina cikin ƙwaƙwalwa alfa ke fitowa, su kuwa suka nuna ta fi ƙarfi a ƙeya, inda sashen gani ya ke.

Daga nan aiki ya yaɗu. Cikin 1935 wasu likitoci uku a Bostan ta Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox, suka gano cewa wata irin farfaɗiya ta yara tana da zane nata na musamman, mai bugu uku a sakan. Cikin 1936 Grey Walter a Ingila ya nuna cewa igiyoyi masu nawa suna fitowa daga kewayen ƙari, har a iya nuna wa mai fiɗa inda zai buɗe. Cikin 1937 aka gayyaci Berger babban taro a Faris, ya zauna a kujerar shugabanci tare da Adrian, ya tarar ashe an san shi a ƙasashen waje fiye da gida. Bayan mutuwarsa aikin ya ci gaba: cikin 1953 a jami'ar Shikago aka gano matakin barcin da idanu ke yawo a cikinsa, wanda mafarki ya fi yawa a lokacinsa, cikin 1958 kuma aka daidaita wuraren ɗora faya-fayan a kai, don likitan kowace ƙasa ya iya karanta zanen ɗan'uwansa.

Abin da ya fita nema tun farko kuwa, watau ƙarfin da zai ɗauki tunani daga wani kai zuwa wani, bai same shi ba. Lantarkin da ya auna ya yi rauni ainun, da kyar ya ke ratsa fata, ina zai kai wani gari? Injin nan har gobe ba ya karanta abin da mutum ke tunani, yanayin aikin ƙwaƙwalwa kaɗai ya ke nunawa.

Tabon da ke cikin tarihinsa

Cikin 1933 Hitila da jam'iyyarsa ta Nazi suka hau mulkin Jamus. Ran 14 ga watan Yuli na shekarar nan suka kafa doka cewa duk wanda a ke ganin yana da ciwon gādo za a yi masa aikin da zai hana shi haihuwa har abada, ko ya so ko ya ƙi. Cikin cututtukan da dokar ta lissafa akwai taɓin hankali, da makanta da kurumta na gādo, da farfaɗiya. Aka kafa kotuna na musamman, alƙali ɗaya da likitoci biyu, su ne masu yanke hukunci. Kafin mulkin nan ya faɗi cikin 1945 an yi wa mutum wajen 400,000 wannan aiki.

Shekaru da yawa littattafai suna cewa Berger ya ƙi jinin wannan gwamnati, ita kuma ta tilasta masa barin aiki cikin 1938. Amma da aka buɗe tsofaffin takardun Yena, wata mai binciken tarihin likitanci ta jami'ar, Susanne Zimmermann, ta tarar da wani labari dabam, wasu masana kuma suka ƙara fito da shi cikin 2014. Berger ya bar aiki ne da ya cika shekara 65, har ya zauna cikin kwamitin zaɓen magajinsa. Yana cikin masu ba rundunar SS gudummawar kuɗi. Mafi muni kuma, ya zauna a kotun ɗaukaka ƙara ta Yena wadda ke duba hukuncin hana haihuwa, watau wurin da talaka ya ke kai kukansa na ƙarshe, ya ba da ra'ayinsa na likita aka tabbatar da hukunci a kan mutane.

To, jama'a, mu dubi wannan da kyau. Mutumin da ya yi shekara biyar yana shakkar wani layi a kan takarda, don tsoron kada ya faɗi abin da ba daidai ba, shi ne ya sa hannu a takardun da suka yanke wa mutane zuriya. Ba mu ce ya ƙago dokar ba. Ya tarar da ita, hukuma ta kira shi, ya amsa, ya yi aikin cikin tsari kamar yadda ya saba yin kowane aiki. Takardun ofis kuwa ba su mantuwa: su ne suka zauna shekara sittin a ma'ajiya, sa'an nan suka ba da shaida a kansa. Duk wanda aikinsa ya ke riƙe alƙalami a madadin hukuma, ya kamata kafin ya sa hannu ya tambayi kansa abin da takardar za ta yi wa mutumin da sunansa ke ciki.

Ƙarshensa

Bayan ya bar aiki ba shi da ɗakin gwaji, wanda ya gaje shi kuma bai ci gaba da binciken ba. An gabatar da sunansa don lambar Nobel cikin 1940, amma ba a ba da ita ba a shekarar nan saboda yaƙi, ga shi kuma Hitila ya riga ya hana Jamusawa karɓarta. Ciwon fata ya dame shi, baƙin ciki mai tsanani ya rufe shi, irin ciwon da ya yi shekaru yana dubawa a jikin wasu. Ran 1 ga watan Yuni na shekarar 1941 ya kashe kansa a asibitin Yena, yana da shekara 68.

Abin da ya shafe mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu farfaɗiya a duniya sun kai wajen miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kuma wajen bakwai cikin goma za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani suna sha a kan kari. A ƙasarmu abubuwan da kan jawo ta sanannu ne: wahalar haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin mota ko babur.

A karkararmu har yanzu a kan danganta ciwon nan da iska, a kan guji yawun mai shi, a kan hana shi aure, a kan cire yaro daga makaranta. Zanen da Berger ya fara ya nuna abin da ke faruwa a lokacin faɗuwa: ƙwayoyin jijiya ne masu yawa su ke bugawa gaba ɗaya da ƙarfi fiye da kima, har su danne sauran aikin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukar wannan ciwo ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. In ya kama mutum, a janye shi daga wuta da ruwa da bakin rijiya, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a tura masa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai. In jijjigar ta wuce minti biyar, a gaggauta kai shi asibiti.

Malaman makaranta suna da wani aiki na musamman. Irin farfaɗiyar nan da likitocin Bostan suka gano ba ta kayar da yaro. Sai dai a ga ya tsaya cak yana tsakiyar karatu, idonsa a buɗe, ba ya ji ba ya gani na 'yan sakan kaɗan, sa'an nan ya ci gaba bai san abin da ya faru ba, wannan kuwa ya kan auku sau da yawa a yini. Irin yaron nan ya kan sha bulala a kan rashin kula, ya kan faɗi jarrabawa, alhali ciwo ne mai magani. Malamin da ya lura da haka, ya rubuta rana da lokaci da tsawon kowane karo, ya kira iyaye, ya ba su shawara su fara da asibitin Ɗambatta, in likita ya ga da bukata ya tura su Kano, wajen tafiyar mil talatin, inda manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ke. Rubutun nan na malami zai taimaki likita ƙwarai, domin wani lokaci a kan yi awon a ga zane lafiya lau alhali ciwon yana nan, sai an haɗa da bayanin wanda ya gani da ido.

A kuma kwantar wa iyaye hankali game da awon kansa. Injin ba ya sa wa mutum lantarki, karɓa kaɗai ya ke yi. Ba allura yanzu, ba zafi, ba a yin aski, sai dai a wanke kai kada a shafa mai, cikin kamar rabin sa'a an gama. Wahalar soka allura da wanke takarda a ɗaki mai duhu ta wuce tare da zamanin Berger. Abin da ya rage mana shi ne mu kai marasa lafiyarmu inda za a auna su, mu bar su a makaranta tare da 'yan'uwansu, kuma kada ofishi ko makaranta ko gida su mai da ciwonsu dalilin tauye musu hakki.